Yadda za ka nuna wa matasa kakar Arsenal ta 2003/04 a gidan kallo

Idan aka rufe gasar Firimiya a watan Mayu, gidajen kallon ƙwallo a nan Gusau sukan yi tsit har zuwa Agusta. A nawa gidan, lokacin nake ɗauko tsohuwar kaka in nuna, kuma wadda ta fi cika benci ita ce ta Arsenal ta 2003/04, wadda suka buga wasa 38 na Firimiya ba a ci su ko sau ɗaya ba. Yawancin masu biyan kuɗin shiga yanzu ba a haife su ba a lokacin, don haka tsarin da ka bi wajen nunawa shi zai sa su gane abin da ya faru.

Da farko ka nemo cikakkun wasanni, ka sauke su da dare lokacin da data ta fi araha, ka zuba a filashi. Ka guji gajerun bidiyon nan da ake haɗa ƙwallayen Thierry Henry 30 wuri guda. Suna da daɗin kallo, amma yaro zai tashi yana zaton ƙungiyar ratsa kowa ta yi ba gumi, alhali wasa 12 canjaras ta yi, ta ci 26. A cikin canjaras ɗin nan labarin yake.

Ka fara da wasan Old Trafford na 21 ga Satumba 2003. An ba Patrick Vieira jan kati, ana dab da tashi kuma alƙalin wasa ya ba Manchester United fenariti. Daidai lokacin da Ruud van Nistelrooy ya ajiye ƙwallo, ka tsayar da bidiyon. Ka bar su su yi gardama, ka tambayi magoya bayan United ko zai ci. Sannan ka saki, su ga ƙwallon ta daki ƙarfen sama ta dawo, Martin Keown ya yi tsalle a kansa yana ihu. An tashi babu ci. Wasa na shida ke nan kacal a kakar, da ta shiga da ba wanda zai riƙa wannan zance yau.

Dare na biyu shi ne mafi muhimmanci a wurina, kuma kada ka kunna sai ka yi musu shimfiɗa. Ka gaya musu cewa a cikin mako guda United ta fitar da Arsenal daga kofin FA, Chelsea kuma ta fitar da ita daga kofin zakarun Turai da ƙwallon Wayne Bridge. Da wannan raunin suka karɓi Liverpool a filinsu na Highbury ranar 9 ga Afrilu 2004, aka tafi hutun rabin lokaci Liverpool na gaba da ci 2-1. Ka ba da hutun nan da gaske, masu shayi su sha, a duba man janareto, domin ba ka son wuta ta ɗauke a abin da ke tafe. Robert Pires zai farke, sai Henry ya ɗauko ƙwallo daga kusan tsakiyar fili ya yanke 'yan baya ya zura. Wannan ƙwallon ka maimaita ta sau uku, ka ce su dubi inda masu tsaron bayan Liverpool suka ci karo da juna. An tashi 4-2.

Wasan Tottenham na 25 ga Afrilu, inda suka ɗauki kofi a gidan abokan gaba da ci 2-2, rabin farko ya isa. Sai ka rufe da Leicester ranar 15 ga Mayu: ƙungiyar da ta riga ta faɗi daga gasar ce ta fara zura ƙwallo ta hannun Paul Dickov, kafin Henry ya rama da fenariti, Dennis Bergkamp kuma ya zura wa Vieira wadda ta kai su maki 90.

Za a tambaye ka Kanu. Ka faɗi gaskiya: yana cikin tawagar Arsene Wenger, amma a wannan kaka ba ya cikin masu farawa a kai a kai. Wanda ya kamata ka nuna musu daga yankinmu shi ne Kolo Toure na Kwaddibuwa, wanda ya tsaya tare da Sol Campbell a baya, ƙwallo 26 kawai ta shiga ragar Jens Lehmann a gasar Firimiya duk kakar. Ka sa lokacin farawa bayan sallar Isha'i, kuma ka roƙi dattawan da suka san sakamako su kama bakinsu har a tashi.