Murar Ingila ba irin ta gida ba ce

Sanyin farko da na yi a Manchesta, wata safiyar Disamba na farka jikina kamar an yi mini dukan sakwara, ga zazzaɓi, ga ciwon kai. Na ce maleriya ce, na ja ƙafa zuwa kemis in sayi magani. Matar ta tambaye ni yaushe rabona da Najeriya, na ce wata huɗu, ta ce in kira 111, lambar wayar neman shawarar lafiya cikin gaggawa, yanzu. Aka ɗebi jinina, babu maleriya. Mura ce mai zafi, wadda suke kira fulu.

Tambayar matar nan ita ce abin da nake so ka riƙe. Idan zazzaɓi ya kama ka cikin shekara guda da barin gida, faɗa wa likita daga ina ka zo tun kafin ya tambaya. Alamomin cututtukan biyu sun yi kama, kuma maleriya ba ta jira.

Kada ka bari sai ka kwanta kafin ka yi rajista da likitan unguwa, wato GP. Kyauta ne, kuma a Ingila ba dole sai ka nuna takardar zama ba. Allurar rigakafin fulu ana fara ta da kaka, wajen Oktoba, tana ɗaukar kusan kwana 14 kafin ta kama jiki. NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, na yi wa masu ciki da 'yan shekara 65 zuwa sama da masu asma ko ciwon suga kyauta. Saura su biya a kemis, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Yara kuwa feshi ake yi musu a hanci, kuma akwai sinadarin alade a cikinsa. Iyaye da yawa ba su sani ba sai takardar makaranta ta zo. Idan ranka bai kwanta ba, ka ce a yi wa yaron allura, za a yi.

In fulu ta riga ta kama ka, manta da kafso. Ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita, kuma ba ya yi wa fulu komai. Farasitamol ƙwaya 2, sau 4 a kwana ɗaya, kada babba ya wuce 8. Garin Lemsip da ake damawa da ruwan zafi shi ma akwai farasitamol a ciki, kada ka haɗa su. Sai ruwa da yawa, shayin citta da kanumfari da zuma, farfesu mai yaji in akwai mai dafa maka. Jaririn da bai shekara ba, ba a ba shi zuma.

Na san tsadar wuta na sa mu kashe hita mu duƙunƙune cikin bargo, amma bar ɗumin ɗakin ya kai maki 18 a ma'aunin Celsius. Ka zauna a gida, har Juma'a ka haƙura, kada ka raba wa sahu. Wurin aiki ba sa neman takardar likita sai ka wuce kwana 7. Idan numfashi ya fara gagara ko ƙirji ya ɗauki ciwo, 999 za ka kira, lambar motar asibiti.