Darasi Na Bakwai: Shuka Wardi Ɗan Aure A Tsakar Gida

Wardi iri-iri ne. Wanda za mu koya a wannan darasi shi ne mai fitar da babban fure guda ɗaya a kan dogon reshe. An same shi ne ta hanyar barbarar wardin da asalinsa daga ƙasar Sin yake da wani irin wardi na Turai. Na farko da aka sani shi ne La France, wanda wani mai lambu, Guillot, ya fitar a Faransa a shekarar 1867. Yawanci masu sayar da dashe suna aura shi a kan gindin wani wardi mai juriya, kamar yadda ake yi wa mangwaro.

A nan Katsina abu biyu ne ke kashe shi: zafin rana daga azahar zuwa la'asar, da ƙasarmu mai rairayi wadda ba ta riƙe ruwa. Don haka kada ku sayo dashe sai kun zaɓi wuri. Wardi yana son rana kamar awa 6 a yini, amma ta safe ta fi masa. Ku nemi wurin da ke gabas da katanga ko ɗaki, inda hantsi zai same shi, inuwa kuma ta rufe shi bayan azahar. Ku ja da shi taku ɗaya daga jikin katangar, saboda bulo yana ɗaukar zafi. Kada ku dasa shi a gindin bedi, saiwar bishiyar za ta shanye masa ruwa.

Ku haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, faɗinsa ma haka, wato kusan santimita 45. Ku cakuɗa ƙasar da kuka fitar da takin shanu wanda ya ruɓe sosai, har ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Takin nan shi ne zai riƙe wa saiwa laima a cikin rairayi, saboda haka kada ku yi rowarsa. Toka kuwa, ku nisanta ta da ramin. Wardi ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, toka kuma tana kashe tsamin.

Lokacin da na fi so ga dashe shi ne ƙarshen damina, daga Oktoba zuwa Nuwamba, in akwai ruwan ban ruwa a gida. Saiwa za ta kama a cikin sanyin hunturu kafin zafin Maris da Afrilu ya iso. Ku yanke ledar a hankali, kada ƙasar jikin saiwa ta warwatse. Ku duba ƙasan karan, za ku ga wani kumburi. Nan ne mahaɗar aure. Ku bar ta a saman ƙasa, kada ku binne ta. In dashe biyu ne, ku bar tazarar taku ɗaya a tsakaninsu.

Ruwa a gindi ake zuba shi, da sassafe, ba a kan ganye ba. Bokiti guda sau biyu ko uku a mako ya fi 'yar yayyafawa kullum, domin ruwan ya kai ga saiwa. Da bazara ku tura yatsa cikin ƙasa kowace safiya, in kun ji ta bushe ku ƙara. Ruwan wanki mai sabulu bai dace da shi ba. Ku shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa a kewaye, amma kada ta taɓa karan, saboda gara.

Idan fure ya yanƙwane, ku bi reshen ƙasa har ku sami ganye mai ƙananan ganyaye biyar. Ku yanke a karkace, kaɗan sama da shi, da wuƙa mai kaifi. Daga nan sabon reshe zai fito da wani furen. Duk tsiron da ya ɓullo daga ƙasan mahaɗar aure, ku cire shi tun daga tushe, don na gindin ne, in an bar shi zai rinjayi mai furen.

A watan Agusta, lokacin marka, ganye yakan yi baƙin tabo ya zube. Ku tsince ganyen, har wanda ya faɗi ƙasa, ku ƙone. Darɓa kuma tana taruwa a kan toho. Ku wanke ta da ruwa da safe, ko ku daka 'ya'yan bedi ku jiƙa su kwana, ku tace, ku fesa da yamma. Masu awaki, ku yi shinge tun ranar dashe. Ƙaya ba ta hana akuya cin tohon wardi.

Aikin gida: Ku tsaya a tsakar gidanku da hantsi, ku sake tsayawa da la'asar. Ku rubuta a littafinku wurin da rana ta samu da safe, inuwa ta rufe da yamma. Ku zo da shi aji na gaba.