Yadda likitan haƙori zai shirya fita aikin sa kai na mako biyu a wata ƙasa

Ana yawan samun matasan likitocin haƙori daga zangunan Kumasi da Accra, waɗanda suka gama karatu a asibitin koyarwa na Komfo Anokye ko na Korle Bu, suna neman bin wata tawaga zuwa Togo ko Saliyo ko Gambiya don su yi wa talakawa aiki kyauta. Na raka da yawa daga cikinsu, kuma na lura kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe, shi ya sa ba zan tsaya koya wa kowa cire haƙori ba, tun da wanda bai iya ba bai kamata ya hau mota ba.

Ka fara da takardu aƙalla wata uku kafin tafiya. Lasisin da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Gana ta ba ka iyakarsa Aflao, garin da ke bakin iyakar Gana da Togo, don haka sai ka karɓi takardar shaidar cewa rajistarka ba ta da wata matsala, ka aika wa majalisar ƙasar da za ka je domin ta yi maka rajistar wucin gadi. Idan ƙasar mai amfani da Faransanci ce, a fassara takardun tun daga gida. Kada ka yarda da shugaban tawagar da ya ce sarkin gari ya san da zuwanku, domin sarki ba ya bayar da lasisi. Ka duba katin rigakafin shawara, ka kuma tabbatar ka kammala allurai uku na ciwon hanta nau'in B, waɗanda cikarsu kan ɗauki wata 6. Ni dai ba na tafiya cikin azumi, saboda mutane da yawa ba sa yarda a taɓa bakinsu da rana.

Wajen kaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta cewa maganin da za a kai kyauta ya kasance da sauran shekara guda kafin ya lalace, kuma jami'an kwastan sukan duba kwali. Ka rubuta jerin komai, ka riƙe wasiƙar gayyata daga asibitin da zai karɓe ku. Kujerar aiki mai naɗewa tana da tsada, kuma benci da matashi sun wadatar. Kuɗin gara ka zuba su a fitilar goshi mai kyau da batir na ajiya, da safar hannu ninki biyu na abin da ka ƙiyasta.

Inda nake so a tsaya a natsu shi ne tsabtace kayan aiki, domin nan ne na taɓa jin kunya. A fitata ta biyu, a wani ƙauye da ke arewacin Togo, mun je da otokilef, injin kashe ƙwayoyin cuta da tururi, mai amfani da lantarki, kuma janareta ya mutu da hantsin rana ta biyu, alhali mutane sun cika inuwar darbejiya tun asuba, wasu sun ɗaure haɓa da ƙyalle. Na leƙa bayan ajin da muke aiki a ciki na tarar da wani ƙanena a sana'a yana tsamo awartaki daga tukunyar mai shayi yana goge shi da auduga. Da na yi magana sai ya ce, “Yaya, ai mun tafasa shi, kuma ga dattawa suna jira.” Laifina ne, tun da ban yi tanadin abin da za mu yi idan wuta ta ɗauke ba. Muka sallami jama'a ran nan, muka sha gunaguni.

Tafasawa ba ta kashe dukkan ƙwayoyin cuta, domin ruwa ba ya wuce maki 100, kuma akwai masu taurin da ba sa mutuwa sai tururi ya kai maki 121 a cikin matsi. Saboda haka ko da kuna da otokilef, ka tafi da babbar tukunya mai murfin matsi, irin wadda ake dafa wake ko ganda a ciki, da murhun gas. A fara wanke kowane ƙarfe da buroshi da sabulu har jini ya fita daga gaɓar awartaki, saboda tururi ba ya ratsa busasshen jini. A jera su baki buɗe a kan raga, a saman ruwan, ba a cikinsa ba, a manna tef ɗin da ke sauya launi idan tururi ya kama shi. Ni minti 30 nake ƙirgawa daga lokacin da tukunyar ta fara huci sosai, kuma ba na yarda a rage. Kada a jiƙa ƙarfe a ruwan bilic ya kwana, zai yi tsatsa.

Daga nan lissafin yini yake fitowa. Da ɗumama da dahuwa da hucewa, zagaye ɗaya yakan ci kusan awa guda, kuma a cikin awar likita ɗaya zai iya ganin mutum uku ko huɗu. Ke nan kowane likita yana buƙatar faranti takwas cikakku na kayan aiki, huɗu a hannu huɗu a wuta. Yawan farantanku shi ne zai faɗi katin da za a raba da safe, tsawon layi ba ya cikin lissafi. A ba mutum ɗaya aikin tukunya shi kaɗai, a ajiye teburin kayan datti nesa da na masu tsabta, kuma wanda allura ta soke shi ya fara shan maganin kariya daga ƙanjamau nan take, kada ya wuce awa 72. Wannan maganin daga gida ake tafiya da shi.

A wurin aiki, a auna hawan jinin kowane babba kafin a yi masa allurar kashe zafi, a tambayi ciwon suga da juna biyu, a kuma samu mace ta tsaya kusa idan ana duba mata. Ba kowane kogo ne na cirewa ba. Wanda bai kai jijiya ba ana iya kankare shi da kayan hannu a yi masa ciko ba tare da injin haƙa ba. Yaron da ka ga dasashinsa yana ruɓewa da wari, fuska ta kumbura, ka tura shi babban asibiti a ranar, domin yana iya zama cutar da ake kira noma, wadda ke cin fuska cikin kwanaki.

Kwana uku na ƙarshe ba na cire turmin da ya kwanta a ƙurya ko saiwar da ta nutse, saboda ciwon ramin haƙori yakan taso ne bayan kwana biyu zuwa huɗu, lokacin da kai kana kan hanyar Kumasi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka bar wa ma'aikacin jinyar garin littafin sunaye da abin da aka yi wa kowa, da lambar wayarka, da sauran auduga da safar hannu, sannan ku kai akwatin allurai da aka yi amfani da su asibitin gunduma a ƙone kafin ku ɗaure kaya.