Kafin ka biya kuɗin Toyota 86

'Yan uwa masu son motar da ke da daɗin tuƙi a kwana, ga abin da na gano.

Idan Toyota 86 kake nema, kada ka tsaya kan sunan nan kaɗai. Ka tambayi farashin Subaru BRZ da Scion FR-S ma.

Kusan mota ɗaya ce aka raɗa wa suna uku. Kamfanin Subaru ne ya fara haɗa su a Gunma, Japan, a 2012. Kafin sabon samfurin da ya fito a 2021, injinsu ɗaya ne, mai lita 2, kuma tayoyin baya ke ja. A Amurka sunan Scion aka sa wa ta Toyota har 2016, lokacin da Toyota ta rufe wannan sunan. Mutanenmu ba su san Scion ba, don haka ciniki ya fi sauƙi idan tokumbo ce.

Haka ma kayan gyara: nemi da sunaye ukun, ka ɗauki mai araha.

Amma fa motar tana ƙasa sosai. Idan unguwarku ramuka ne, kullum cikinta zai riƙa gogar ƙasa. Injinta kwance yake, ba kowane bakanike ne ya iya shi ba. Ka samo wanda ya taɓa gyaran Subaru tukuna.