Babi na 6: Ganyen Ci da Ganyen Dafi, da Ma'anar Mumbari

Darasi na 1: Tafasa da raiɗore

Ku karanta a hankali: ta-fa-sa. Rai-ɗo-re. Ku lura da ƙugiyar da ke kan ɗ.

Tsiron nan biyu dangin juna ne, sukan fito wuri guda da damina, kuma furen kowanne rawaya ne. Saboda haka fure ba zai raba gardama ba. Ana dafa ganyen tafasa a ci. 'Ya'yan raiɗore kuwa suna lalata hanta, musamman ta yara.

Ku tsinko sili ɗaya, wato ɗan siririn karan da ƙananan ganye ke jere a jikinsa. Sili ɗaya, ba reshe duka ba. Ku ɗora shi a tafin hannu ku ƙirga. Na tafasa 6 ne: 3 a dama, 3 a hagu. Na raiɗore yawanci 8 ne ko 10. Wanda ya rikice ya sake farawa daga gindi, ba abin kunya ba ne.

Yanzu ku dubi bakin ganyen. Na tafasa zagayayye ne kamar kan babban yatsa. Na raiɗore yana da tsini kamar mashi. A nan mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe: da sun ga 6 sai su tsaya. Kada ku tsaya. Wani lokaci raiɗore ma yakan zo da 6, sai baki ya tona shi. A ƙirga, sannan a dubi baki. Ku tsinko sili na biyu daga wani reshen, ku ƙirga, ku dubi baki. Na uku ma haka. Zagayayye ne ko mai tsini? Ku faɗa da ƙarfi. Madalla.

In akwai kwanso, na tafasa siriri ne mai lanƙwasa kamar lauje, na raiɗore ya fi faɗi. In babu, ku koma ga ƙirga da duban baki.

Haba jama'a! Hannun da ya saba tsinka ba shi ne ido ba. Wanda ya cika kwando bai dubi baki ko ɗaya ba, ya juye shi ya sake.

Darasi na 2: Waɗanda ba a kai wa baki

Zaƙami: furensa dogo ne kamar kakaki, ɗansa dunƙulalle mai ƙaya. Yana busar da baki, ya buɗe ƙwayar ido, ya gusar da hankali. Zurma: dafinta na cikin ƙwayar, kaɗan yaro zai tauna ya halaka. Cin-da-zugu: ƙwayarsa na da daɗi, shi ya sa yara ke ci, sai amai da gudawa. Farin ruwan tumfafiya kuma yana ƙona ido.

Ku daina cewa ai akuya ta ci. Cikinta daban, naku daban. Rashin ɗaci ma ba shaida ba ne, kuma tafasawa ba ta kashe dafin wasu naman kaza, wanda kan yi awa 6 zuwa 24 kafin ya nuna.

Darasi na 3: In an riga an ci

Kada a tilasta amai. A tafi asibiti nan take, a riƙe ragowar tsiron, a faɗi lokacin da aka ci.

Darasi na 4: Mumbari

Mum-ba-ri. Wuri ne mai tudu a coci inda mai wa'azi ke tsayawa. An ɗaga shi ne domin murya ta kai baya tun kafin a ƙirƙiro lasifika, kuma tudun na nuna girman Maganar Allah, ba girman mai magana ba. A Littafi Mai Tsarki, Nehemiya 8:4, malami Ezra ya tsaya kan dakalin katako ya karanta Dokar Musa. A cocin Katolika bagadi, wato teburin hadaya, shi ne a tsakiya, mumbari a gefe. Coci-coci da yawa na Furotesta, tun ƙarni na 16, sun mai da mumbari tsakiya.

Ku rubuta kalmar sau 5.