Yadda Za a Kwashe Ledar Rufe Kunya Ba Tare da An Bar Ɓurɓushinta a Gona Ba

Ledar da ake shimfiɗawa a kan kunya tana riƙe danshi, tana hana ciyawa fitowa, shi ya sa wasu manoman rani masu noman tumatir da kankana suka fara karɓarta. Matsalar tana bayyana ne bayan girbi, domin irin wannan leda ba ta ruɓewa a ƙasa, sai dai rana da garma su yi ta kekketa ta har ta zama ɓurɓushin da hannu ba zai iya tsincewa ba. Ƙasar Sin, wadda ta fi kowace ƙasa amfani da ita, ta ga abin da hakan ke haifarwa a gonakin audugar jihar Xinjiang, inda tarkacen da ya taru shekara da shekaru yake tare hanyar ruwa a cikin ƙasa, yake kuma hana saiwa nutsewa.

Matakin farko yana wurin saye. Leda mai siriri ta fi araha, amma ita ce take yayyagewa idan aka zo ɗagawa. Saboda haka ne Sin ta ɗaga mafi ƙarancin kaurin da ta amince da shi daga milimita 0.008 zuwa 0.01 a ma'aunin da ta fitar a 2017. Manomi ya zaɓi mai kauri, ko da kuɗinta ya ɗan fi, ya kuma yi hattara da wadda ake tallata cewa tana narkewa da kanta, domin akwai nau'in da farfashewa kawai yake yi, wanda Tarayyar Turai ta haramta tun 2021.

Lokacin kwashewa shi ne inda aka fi yin sakaci, kuma a ganina nan ne asarar ta fi yawa. Da zarar an gama girbi, a sare karan shukar daga gindi, a buɗe ƙasar da aka danne gefen ledar da ita ta hanyar amfani da fartanya a hankali, sannan a naɗe ledar daga bakin kunya zuwa ƙarshenta. An fi samun sauƙi da sassafe, ƙasa tana da ɗan laushi, domin busasshiyar ƙasa tana riƙe gefen ledar, jiƙaƙƙiya kuma tana manne mata da laka. Kada a bar ta makonni a rana, kada kuma a sa garma kafin a kwashe, domin abin da garma ta binne ya fi ƙarfin tsinta. Wanda ya tona kunyar da aka yi wa haka zai ga saiwar tumatir ta lanƙwashe a kan guntun leda, ƙasar da ke ƙarƙashinsa kuwa a bushe duk da ban ruwan da aka yi.

Bayan naɗewa, a bi gonar da manjagara a tsince ragowar. Kada a ƙona ta, saboda hayaƙinta yana da guba, kada kuma a jibge ta inda awaki da shanu za su haɗiye ta. A kakkaɓe ƙasar jikinta, a ɗaure, a kai wa masu sayen roba idan suna karɓa.

Manoman kewayen Kano da ke zuba takin bola su ma abin ya shafe su, ko da ba su taɓa shimfiɗa leda ba, domin ledar ruwa da baƙar leda suna shigowa tare da takin. A tankaɗe shi da rariyar waya kafin a watsa a gona.