Kafin ka taɓa fomula a jarrabawar fiziks

'Yan uwa masu shirin jarrabawar fiziks, a ganina ma'auni ya fi mantuwar fomula kayar da ɗalibai. Da zarar ka karanta tambaya, jera abin da aka ba ka a gefen takarda, ka mayar da komai mita, kilogiram da daƙiƙa. Misali, an ce mota na gudun kilomita 72 a awa: raba da 3.6, ka samu mita 20 a daƙiƙa. In ka zuba 72 ɗin yadda yake cikin fomular lissafin gudu ta v = u + at, amsa ta lalace tun daga tushe, komai kyan lissafinka. Haka giram 500, kilogiram 0.5 za ka rubuta.

Sai zane. Ko ya fito a karkace, ba gasar zane ake yi ba, zana abin da ake magana a kai tare da kibiyoyin ƙarfin da ke jansa ko tura shi.

Ka kuma duba ko 10 aka ce ka ɗauki g (ƙaruwar gudun abu mai faɗuwa saboda jan ƙasa) ko 9.8, don wanda tambaya ta faɗa da shi za a duba amsarka.